Karkataccen Yatsa

Ma'aikaciyar zaɓe ta kamo hannun tsohuwar za ta shafa mata tawada, sai ta dakata. Babban yatsan a karkace yake kamar ƙugiya.

"Kaka, kawo na hagu. Wannan ba zai hau takarda daidai ba."

Tsohuwar ta waiwaya ta dubi ƙofar zauren. A nan ita da ƙawayenta suka taɓa yin cincirindo suna 'yan mata, suna neman a bar mace ta jefa ƙuri'a. A ranar ta damƙe ƙarfen ƙofar ta ƙi saki, har kulkin ɗan sanda ya sauka a kan yatsan.

"Da shi zan dangwala, 'yata," ta ce tana murmushi. "Duk layin nan, ya riga kowa zuwa."