Gajere Formate

Fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, rubutu ya cika ta, sannan ta mutu ta sake tashi. Karo na uku ke nan. Gajere ya yi tsaki, ya zaro kile ɗinsa daga aljihu, ɗan filashin da yake zuba sabon sistem da shi.

A Tanut ba wanda bai san shi ba. Sunansa na yanka Abubakar, amma Gajere Formate ake ce masa, don magani ɗaya ne da shi tak. Kwamfuta ta yi nauyi, formate. Sauti ya ɗauke, formate. Zai share komai, ya zuba sabon sistem, ya cika ta maƙil da finafinai a matsayin gyara, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Wanda ya yi kukan takardunsa sai ya ce masa, "Ai ga ta nan tana gudu."

Matar da ta kira shi yau bayan azahar ta ce sunanta Radiya, malamar makaranta ce daga Belbeji, ta sauka gidan yayanta. Ta ajiye akwatin kwamfutar kan tabarma a zaure, ta goge shi tas da tsumma. Irin baƙaƙen akwatunan nan ne da wata ma'aikata ta yi gwanjonsu, duk gidan da ke da kwamfuta a garin kusan irinsu ne.

Shi ma irinta ce a gidansa, kuma bai bari Radiya ta tambaya ba ya fara cika baki. Shekara bakwai, ko tari ba ta taɓa yi masa ba. Shi ya sa a cikinta kaɗai ya ajiye bidiyoyin Samira, 'yarsa tilo da sanƙarau ya ɗauke bara waccan. Duk Juma'a in ya dawo masallaci yakan kunna, ya ji tana ƙirga awaki tana tsallake bakwai. A nan ne kawai muryarsa ta yi laushi.

Radiya ta saurara. Hannunta na hagu a dunƙule yake kan cinyarta.

"Malam, ba za ka buɗe akwatin ka duba ba tukuna?"

"Malama, ni nake aikin ko ke?"

Fankar cikin akwatin ta yi ƙara kamar tsohon babur. Gajere ya yi dariya, ya ce duk 'yan gwanjon nan haka suke, tasa ma haka take yi. Ya soka kile, ya sa kwamfutar ta tashi daga kansa. Agogonta ya nuna wata shekara da ta wuce tun tuni. Ya gani sarai, bai ko tsaya ba.

"Akwai hotunan yaro a ciki," in ji ta. "Babu su ko'ina sai nan. Ba a iya kwashewa kafin a share?"

Ana iyawa, kuma ya sani. Aikin awa biyu ne, shi kuwa ana jiransa a majalisar shayi bakin tasha.

"Sun riga sun lalace," ya ce, ko kunya babu.

Jerin ɓangarorin faifan ya bayyana, guda uku. Ya share na farko, ya share na biyu. Ta tambaye shi karo na uku, a hankali, kamar mai ba shi dama ta ƙarshe.

"Ka tabbata?"

Ya danna.

Kafin la'asar sabon sistem ya hau. Gajere ya bi da finafinansa har faifan ya cika, yadda ko gwanin Zinder ba zai iya tono abin da ke ƙarƙashi ba. Kwamfutar ta tashi fes, babu kowa a cikinta. Ya jingina da bango yana jiran godiya.

Radiya ta gyara zamanta.

"Ba ka gane ni ba, ko? Shekara huɗu ke nan na kawo maka tawa daga Belbeji a bayan mota. Haka ta yi shuɗi. Hotunan ɗana Abdulgafar na ciki, wata biyu da binne shi. Na roƙe ka, ka share. Da na yi kuka ka ce in haifi wani in ɗauki hotonsa."

Gajere ya sosa ƙeya. Gaskiya bai tuna ba, masu kuka sun yi yawa.

"Daga baya na kai ta Zinder," ta ci gaba. "Mai gyaran ya ce ba abin da ya same ta. Ɗan batirin agogo ne ya mutu, saitin ya rikice. Minti biyu ya canja shi. Ya nuna mini inda yake, da yadda ake cire shi."

Ta buɗe hannunta na hagu. Ɗan batiri ne a tafinta, fari, zagayayye kamar maɓallin riga.

Gajere ya dubi batirin, ya dubi akwatin. Fankar na ta ƙararta. Ya ƙara matsowa kusa da akwatin.

"To wannan ta wa ce?" ya tambaya.

Radiya ta miƙe, ta yafa mayafinta, ta ajiye batirin a kan akwatin.

"Ɗauki kayanka, Malam Abubakar. Ka gaishe da Innarka, ka ce na gode. Da na je gidanku da safe na ce kai ka aiko ni, har ƙofa ta taya ni ɗauko ta."