Ƙashin Hagu

Baba ya tsaya cak gaban kwarangwal ɗin robar da ke ajinmu, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ƙauye ya zo Dutsin-Ma duba ni, kuma ban taɓa gaya wa kowa cewa maɗori ne ba.

Ya rufe ido, ya bi ƙwaurin da yatsunsa a hankali.

"Malama, wa ya yi wannan ɗorin? Siririn ƙashin nan na hagu ne, an sa shi a dama."

Shekara uku muna zana shi haka. Malama ta buɗe littafi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta jawo masa kujerarta.

"Baba, a ina ka yi karatu?"

"A ƙafafun mutanen Kurfi."