Bayanin da Baba Ja'afaru Ya Yi wa Wakili

"Wai wane ne Wakilin nan da ya ƙwace mini amarya?" in ji Baba Ja'afaru, yana zungurin tabarmar jikarsa Muhsina da sanda. Tun da ta gama makaranta a Kano ta dawo ƙauye, ta daina zama jin labaransa. Kullum tana kan kwamfuta, bakinta Wakili, Wakili.

"Angona, ba mutum ba ne, manhaja ce mai ware saƙonnin imel. Aikina in duba bayanin da ake rubuta masa, in ba da maki. In bayani ya fita, Wakili ba ya kuskure."

"Bayani? Ni da na hori bijimai da baki kawai? Ni da fari ya cinye ƙasar Ɗambatta ya bar ni a tsaye? Rubuta nawa ki gani."

A ransa kuwa samarin da ke damunta da saƙo ya nufa. Ya gyara murya: "Duk saƙon da mai shi ya cika baki, yana ni ne, ni ne, a watsa shi shara."

Ta rubuta, ta gwada a akwatin imel ɗinta. Nan take Wakili ya gama.

"Wallahi ban taɓa ganin bayani mai fita haka ba. Ka cinye maki duka."

Tsoho ya karkace hula, ya miƙe ƙafa. "To, samari nawa ya kora?"

Ta leƙa kwandon shara, ta danne dariya. "Ko ɗaya, angona. Saƙonnin da ka riƙa sawa a turo mini ina makaranta ne, kaf ɗinsu."