Wutar da Ta Riga Lokacinta

Ka ce ƙafar ta daina zafi, gobe za ka jefar da sanda ka koma aiki tun mai ɗori bai kwance ta ba. To, Ilu, ji wannan misali kafin goben ta yi.

Wani mutum ne ya gaji motar mahaifinsa, tsohuwa mai ƙofa biyu, irin wadda a zamaninta in ta taho sai a dare mata hanya. Ta daɗe a jibge har kaji na ƙwai a cikinta. Shi kuwa ya ƙwallafa rai sai ta tashi, don mahaifiyarsa ta ce ba ta da sauran buri sai ta sake shiga motar nan, a kai ta garinsu yinin sunan jikar ƙanwarta. Ya yi ta fama har ta tashi. Saura taimin, wato saita lokacin da wuta za ta kama mai a cikin injin. Noti ake sassautawa a murɗa distiributa, abin da ke raba wuta a injin: ka yi gaba wutar ta zo da wuri, ka yi baya ta makara. Ya murɗa gaba, injin ya ƙara kuzari. Ya ƙara murɗawa, murya ta yi daɗi. Sai dai a tsaye motar take, ba kaya, ba tudu, kuma a tsaye kowane injin jarumi ne. Ni dai ban ga baƙinsa ba. So yake tsohuwa ta ji gurnanin da ta sani, su kuma isa tun mata ba su watse ba. Ya ƙara ɗan kaɗan, ya ɗaure noti.

A miƙaƙƙiyar hanya mota ta yi ta sheƙa gudu, tsohuwa na riƙe da mayafi tana dariya. Da suka kama babban tudu, sai injin ya soma ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Wuta ce ke tashi tun fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, bai gama hawa ba, tana dukansa a ka, ƙarfin da zai tura mota ya koma faɗa da kansa. Mutumin ya ji, ya kuma san ma'anar abin da ya ji. Amma ya dubi fuskar tsohuwa, ya dubi rana, ya ce a ransa bari dai mu haye tukuna. Ya ƙara taka totur. Ba su haye ba. Hayaƙi ya turnuƙe, fistan ya huje, injin ya buga.

Tarakta ce ta ja su da igiya, masu kekuna na wuce su. Suna tafe a haka tsohuwa ta ce, ba da faɗa ba: "Babanka, Allah ya jiƙansa, in ya ji ƙarar nan tsayawa yake, ya buɗe gaban mota ya mayar da abin nan baya kaɗan. Ni kuwa haushi nake ji, ina cewa ɓata mana lokaci yake." Nan hawaye ya zubo wa ɗan. Sun isa ana wanke tukwane, an naɗe tabarmi. Fistan irin nata kuwa an daɗe da daina ƙerawa, motar ba ta sake tashi ba.

Ƙauna ce ta murɗa notin nan, Ilu, yadda kai ma tausayin iyali ke ingiza ka. Amma riƙe sandarka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.