Ranar da Goggo Ta Karya Ƙyaure

Har yau in na shaƙi man zafi sai na tuna da ƙyauren kwanon nan. Ina aji biyar a firamare, duk Kachalla Sembe ba yarinyar da ke kamo ni a gudu. Bayan atisaye malamin wasanni yakan kira mu ɗai-ɗai ɗakin ajiye ƙwallo, wai zai murza mana ƙafa da man zafi, sai ya tura ƙyaure. Hannunsa kuwa ba ya tsayawa a ƙafa.

Goggo, yayar babana da ta raine ni, tana daka lokacin da na gaya mata, na ce kuma na daina gudu. Ba ta ce "kin tabbata?" ba. Gyara ɗaurin zane ta yi, ta saɓa taɓarya, ta ce, "Sa takalminki."

La'asar ce, fili cike da yara. Ta yi ta jibgar ƙyauren nan har ya faɗi ƙasa. Hedimasta ya fito a guje.

"Mama, lafiya?"

"Ka tambayi malaminka abin da yake yi wa 'ya'yan mutane a nan ciki!"

Sai wata yarinya ta fashe da kuka, wata ma ta bi. Hedimasta ya riƙe malamin, ya aika a kira iyaye.

Goggo ta juyo gare ni tana haki. "Shi zai bar filin nan, ba ke ba. Je ki yi gudunki."

Ban taɓa gudu irin na ranar ba.

Yanzu ni ke horar da 'yan mata. Da kafinta ya zo sa ƙyaure a ɗakin kayanmu, na ba shi ruwa ya sha, na sallame shi.