Kyamarar Baba Mai Hoto

"Baba, hannunka rawa yake yi. Ka rufe shagon hoton nan ka huta," in ji ɗansa a gaban mai kantin kyamarori.

Maganar ta soki tsohon, amma ko kallonsa bai yi ba. Ya ce wa mai kanti, "Ba ni mara nauyi, wadda ba ruwanta da rawar hannu."

Ɗan ya dage sai an gwada. Kowannensu ya ɗauki mai kanti hoto, aka buɗe a kwamfuta. Ɗaya ya fito tar, ɗaya dishi-dishi.

Ɗan ya nuna mai dishi-dishin. "Ka gani da idonka, Baba?"

Mai kanti ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, ai wannan kai ka ɗauka."

"Sa min ita a kwali," in ji Baba. "Masu biki na jira na."