Layi Ukun Malam Ɗayyabu

Tun da aka kafa dokar ziyara, duk kabarin da aka kwana arba'in ba a buɗe sunan mai shi a na'ura ba, tone shi ake yi a ba wani. Malam Ɗayyabu, tsohon mai rubuta manhaja da ya koma gadin maƙabarta, sai ya rubuta umarni layi uku. Kullum bayan sallar asuba umarnin yakan bi sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya, ya sabunta musu kwanan wata.

Ranar Laraba da hantsi jami'in bincike ya iso, Injiniya Sagir, wanda a hannun malamin ya koyi aikin manhaja. Ko sallama bai yi ba.

"Tsoho, ha'inci kake yi. Na'ura ba ta ziyara. Goge umarnin nan!"

"Yau ni ne tsoho, Sagiru? Wallahi ba da hannuna ba. Ga allon nan, goge da kanka."

Sagir ya ture shi, ya buga umarnin gogewa cikin fushi. Amma malamin bai taɓa barin na'urarsa ta goge abu ba sai ta fara jero abin da za a rasa. Sunaye suka gangaro, kowanne da ranar ƙarshe da ɗan Adam ya ziyarce shi. Na goma sha bakwai: Hajiya Asabe, mahaifiyar Sagir, shekara shida ba ziyara.

A ƙasa na'urar ta tambaya: Ka tabbata?

"Amsa mata mana, Injiniya," in ji malamin. "Allah na kallon yatsan nan."